Ƙasar Gumel: Yawan jama'arta da hanyoyin da ke kai su kasuwa da asibiti

Gumel ɗaya ce daga cikin masarautu biyar na Jihar Jigawa, tare da Dutse da Haɗeja da Kazaure da Ringim. Ƙananan hukumomi huɗu ne a ƙarƙashinta, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kuma su huɗun nan ne suka haɗu suka zama mazaɓa ɗaya a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Daga arewa ƙasar ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar, ta ɓangaren Jihar Damagaram. Garin Gumel, wanda mutanensa kan yi wa laƙabi da Lautai, yana da nisan kimanin kilomita 120 a arewa maso gabashin Kano.

Faɗin masarautar gaba ɗaya ya kai kimanin murabba'in kilomita 3,000. Babu wani babban kogi da ya ratsa ta, saɓanin ƙasar Haɗeja da ta Ringim. Jigawa ce ta ainihi, mai rairayi da tuddai da ƙananan kwaruruka inda ruwa kan taru da damina. Ruwan sama kan sauka daga watan Yuni zuwa Satumba. Gero da dawa da wake da gyaɗa su ne abincin gida, riɗi da zoɓo kuwa su ne amfanin da ake kai wa kasuwa domin kuɗi. Kusan kowane gida yana da abin kiwo, ko da 'yan awaki ne.

Mutum nawa ne a ƙasar?

Ƙidaya ta ƙarshe da aka yi a Najeriya ita ce ta watan Maris na 2006. A sakamakonta, Jihar Jigawa tana da mutum miliyan 4.36, bayan ta 1991 ta nuna kusan miliyan 2.9. A cikin ƙananan hukumomin masarautar Gumel, Maigatari ce kan gaba da mutum kusan 180,000. Sule Tankarkar na biye da ita da sama da 130,000, sai Gumel mai sama da 100,000 kaɗan, sannan Gagarawa mai kimanin 80,000, wadda ke cikin mafiya ƙarancin jama'a a faɗin jihar. Idan aka haɗa, rabin miliyan ke nan, wato kusan mutum ɗaya cikin kowane tara na jihar a wancan lokaci.

Mai karatu da ya ci karo da alƙaluma biyu masu ɗan bambanci a kan ƙaramar hukuma ɗaya kada ya ɗauka kuskuren buga rubutu ne. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta fara fitar da sakamakon wucin gadi ne a 2007, sannan ta fitar da na ƙarshe a 2009, kuma har yau duka biyun suna yawo a takardun gwamnati da na intanet.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne tsufan alƙaluman. Jaririn da aka ƙirga a goye a 2006 yau ya isa aure, wata ma ta haihu. An shirya sabuwar ƙidaya a watan Mayun 2023, amma aka ɗage ta ana saura 'yan kwanaki. Saboda haka duk wani adadi da za a ji na yau kintace ne. Idan aka ɗauka jama'a na ƙaruwa da kimanin kashi 3 cikin 100 a shekara, kamar yadda aka saba lissafawa, to yawansu kan ninka a cikin shekara 23 zuwa 24. Da wannan lissafi, rabin miliyan na 2006 ya kai tsakanin 800,000 da 900,000 a 2025. Binciken lafiya da yawan al'umma na ƙasa na 2018 ya ƙarfafa wannan zato, domin ya nuna cewa macen Jigawa kan haifi 'ya'ya bakwai a matsakaicin lissafi, alhali na ƙasa baki ɗaya bai wuce biyar da ɗoriya ba.

Maganar ƙidaya ba ta tsaya ga malaman lissafi ba. A tsarin rabon kuɗin Asusun Tarayya tsakanin jihohi da tsakanin ƙananan hukumomi, yawan jama'a na ɗauke da kashi 30 cikin 100, faɗin ƙasa da yanayinta kashi 10. Wato da alƙaluman 2006 ake auna rabon ƙaramar hukumar da yawan bakunan da take ciyarwa ya kusa ninkawa.

Yadda mutanen suka zauna a cikin ƙasar ya fi yawansu tasiri a kan batun hanya. Ƙaramar Hukumar Gumel ce mafi ƙanƙanta a faɗi, kuma babban kaso na mutanenta a cikin gari suke. Sule Tankarkar ce mafi faɗi, ta ninka Gumel sau da dama, kuma cunkoson jama'arta a kan kowane murabba'in kilomita bai kai kashi ɗaya cikin uku na Gumel ba. A can da kuma gabashin Maigatari da yawancin Gagarawa, mutane a warwatse suke cikin ƙananan garuruwa da ƙauyuka da rugagen Fulani, kowanne da bulamansa ko mai unguwarsa ko arɗonsa. Mazaɓu 42 ne a masarautar: 11 a Gumel, 11 a Maigatari, 10 a Gagarawa, 10 a Sule Tankarkar. Sunaye irin su Galadi da Jajeri da Matoya da Turbus, ko Danzomo da Jeke da Amanga da Dangwanki, ko Medu da Madaka da Zarada, kowannensu sunan gari ɗaya ne da ke ɗauke da tarin ƙauyuka a bayansa. Kwalta na iya isa garin da mazaɓa ta ci sunansa, amma mutumin da ke ƙauye na takwas a cikin mazaɓar yana nan yana ratsa rairayi.

Daga hanyar fatake zuwa layin dogo

Gumel ta daɗe tana cin albarkacin hanya. Tarihi ya nuna cewa Mangawa ne suka kafa masarautar a wajajen 1750, kuma ta kasance tana biyayya ga Borno. Ba ta shiga ƙarƙashin Daular Usmaniyya ba, duk da cewa Kano da Haɗeja na maƙwabtaka da ita. A 1845 aka dawo da fadar daga Tumbi, wadda yanzu take cikin Nijar, zuwa inda take a yau. Sarki Ahmadu ne ya karɓi Turawan Ingila a 1903, kuma Sarkin Gumel na yanzu, Alhaji Ahmad Muhammad Sani na Biyu, yana kan karaga tun farkon shekarun 1980.

Lokacin da Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya biyo ta Gumel a watan Maris na 1851 a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya tarar da ita babbar matattarar cinikin kanwa. Ana ɗauko ta daga Borno da ƙasar Muniyo a kan raƙuma da takarkarai, a sauke a Gumel, wasu fataken su ɗauka su nufi Kano har zuwa ƙasar Nufe. Wato a wancan zamani garin yana kan babbar hanyar gabas da yamma, kuma rairayin da ke kafe mota a yau ba ya hana raƙumi tafiya.

Abu biyu suka sauya wannan tsari a farkon ƙarni na 20. Na farko shi ne iyakar da Ingila da Faransa suka shata, aka kafa alamominta tsakanin 1906 da 1908. Ta raba Gumel da tsohon mazauninta, ta raba dangi da gonaki da makiyaya, ta kuma mayar da Maigatari bakin iyaka. Na biyu shi ne jirgin ƙasa. Ya iso Kano a 1911, sannan aka ja reshe zuwa Nguru wanda aka kammala a 1930, domin kwaso gyaɗa da fatu da dabbobi. Layin ya bi ta Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa. Bai bi ta garin Gumel ba. Gagarawa ce kaɗai ta samu tasha a masarautar, kuma har gobe sunayen mazaɓu biyu na ƙaramar hukumar suna ba da wannan labari: akwai Gagarawa Gari, akwai Gagarawa Tasha. A zamanin dalar gyaɗa, jakuna da raƙuma ne ke kai buhuna wurin awo, jirgi ya kwashe zuwa Kano. Da harkar gyaɗa ta durƙushe a shekarun 1970, sannan harkar jiragen ƙasa ta bi bayanta, sai dakon kaya ya koma kan titi kacokan.

Sabon layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya ya bi, da reshe zuwa Dutse. Ƙasar Gumel ba ta kan wannan layi ma.

Titunan da ake da su

Babbar hanyar da ke riƙe da masarautar ita ce wadda ta taso daga Kano ta bi ta Gezawa, ta shiga ƙasar Ringim, ta kai Gujungu, sannan ta ratsa yankin Gagarawa zuwa Gumel. A Gujungu, inda babbar kasuwa ke ci ranar Lahadi, hanya ta rabu zuwa Jahun da Kiyawa da Dutse, kuma ta nan mutumin Gumel kan bi idan yana da hulɗa da babban birnin jiha. Daga Gumel hanya ɗaya ta yi arewa zuwa Maigatari, tafiyar kilomita 20 da 'yan kai, wata ta yi gabas zuwa Malam Madori da Haɗeja, wata kuma ta yi yamma zuwa Sule Tankarkar.

Gaskiya ce da ya kamata a faɗa cewa Jigawa ba ta cikin jihohin da ake kuka da manyan titunansu. Tun daga 1999, gwamnatocin Ibrahim Saminu Turaki da Sule Lamido da Muhammad Badaru Abubakar da Umar Namadi kowacce ta zuba kuɗi a kan hanyoyi, kuma hedikwatocin ƙananan hukumomin nan huɗu duk kwalta ta haɗa su. Direban da ya saba da wasu jihohin Arewa yakan shaida bambancin da zarar ya shigo. Matsalar tana farawa ne daga inda kwalta ta ƙare.

Hanyoyin Najeriya kashi uku ne: na Gwamnatin Tarayya, na jiha, da na ƙaramar hukuma. A cikin kimanin kilomita 200,000 da ƙasar ke da su, na tarayya ba su wuce 35,000 ba. Mafi yawan sauran, kusan biyu bisa uku na jimillar, a wuyan ƙananan hukumomi suke, su ne kuma matakin gwamnati mafi ƙarancin kuɗi da injiniyoyi da kayan aiki. Hanyar da ke haɗa ƙauye da kasuwa tana cikin wannan kaso. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa hukumar DFRRI a 1986 domin irin waɗannan hanyoyi, an kuma zuba burji a wurare da yawa a tsohuwar Jihar Kano, amma burjin da ba a gyarawa bai daɗe. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ko da hukuncin ya yi aiki yadda ake so, rabon ƙaramar hukuma ɗaya bayan an biya albashi ba zai shimfiɗa kwalta mai tsawo ba, amma ya isa a yi kwalbati a kuma cike gurbin da ruwa ya cinye, kuma sau da yawa abin da ƙauye ke nema ke nan.

Rairayi yana da halinsa da ya bambanta shi da laka. A ƙasar Haɗeja damina ce ke rufe hanya. A ƙasar Gumel rani ma yana rufewa, domin idan ƙasa ta bushe yashi ya yi laushi, tayar mota sai ta nutse, babur ya riƙa wutsil-wutsil da mai shi. Ruwan farko yakan danne yashin, hanya ta ɗan yi daɗi. Idan damina ta yi nisa a watan Agusta kuma, sai kwaruruka su cika, hanyar da ta ratsa ta cikinsu ta yanke, a koma zagaye ta gonakin mutane, abin da kan jawo rigima tsakanin direba da manomi. Shimfiɗa burji a nan yana da tsada fiye da yadda ake zato, saboda jar ƙasa mai tsakuwa ba ko'ina ake samunta ba, sai an yi dakonta daga nesa. Iskar hunturu kuma takan kwaso yashi ta binne gefen titi a wuraren da babu itatuwa.

Abin hawa da kuɗinsa

A kan kwalta, ƙananan motoci irin su Golf da Sharon da kuma bas-bas ne ke jigilar fasinja tsakanin tashoshin Gumel da Maigatari da Kano da Haɗeja, ƙarƙashin kulawar ƙungiyar direbobi ta NURTW. Daga bakin kwalta zuwa ciki, babur ne sarki. Shi ke ɗaukar mara lafiya da ɗan makaranta da buhun taki da akuyar da za a kai kasuwa, wani lokaci duk a tafiya ɗaya. Akori-kura da tsofaffin motocin kaya kan shiga ƙauyuka ne ranar kasuwa, su ɗebo mutane da kaya da safe su mayar da su da yamma. Wanda ya rasa motar ranar kasuwa, sai wani makon ko ya ɗauki shatar babur.

Amalanken shanu kuwa bai gushe ba, kuma ba alamar zai gushe. Shi ke kai taki gona, ya kwaso amfani da kara, ya ɗebo ruwa, ya kai kaya kasuwa. Tafiyarsa ba ta wuce ta mai tafiya a ƙasa ba, amma ba ya shan mai, rairayi ba ya kafe shi, kuma bijiman da ke jansa su ne na huɗa, daga baya a sayar da su a kara da riba. Duk mai tsara hanyar karkara da bai sa amalanke a lissafinsa ba ya bar babban mai amfani da hanyar a waje.

Farashin mai ya taɓa wannan yanki ta fuska biyu. A watan Nuwamban 2019 Hukumar Kwastan ta hana kai man fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, domin daƙile fasa-ƙwauri. Garin Maigatari da ƙauyukan da ke kewaye da shi duk sun faɗa cikin wannan da'ira, aka koma sayen mai a galan da kwalba a hannun 'yan bumburutu. Sannan a ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai. Litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce 1,000 a ƙarshen 2024. Kuɗin acaɓa da na dakon buhu sun tashi tare da ita. Manomin da ke nesa da kwalta shi ya fi jin wannan a jika, domin ɗan kasuwar da ya shigo ƙauye sayen riɗi ko zoɓo yakan cire kuɗin dako daga farashin da zai biya, shi kuma mai kawo taki da gishiri da sabulu ya ɗora nasa a kai. Nisan hanya ɗaya, an biya shi sau biyu.

Maigatari da ƙofar Nijar

Ranar Alhamis ce kasuwar Maigatari ke ci, kuma tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Arewacin Najeriya. Shanu da raƙuma da tumaki da awaki da dawaki da jakuna kan shigo daga Nijar, wasu ma daga ƙasashen da ke bayanta, a yi ciniki ta hannun dillalai, a loda a tireloli zuwa Kano da Legas da garuruwan Kudu. Masu sayarwa kuma su koma da hatsi da kayan masarufi. Riɗi da zoɓo ma nan ne babbar matattararsu, kuma zoɓon da aka tsince a ƙauyukan nan yakan kai har Meziko, wadda ke cikin manyan masu sayensa a duniya. A zamanin Gwamna Saminu Turaki aka kafa yankin ciniki maras haraji a garin, da burin a riƙa sarrafa kaya ana fitarwa waje daga nan. Burin ya fi abin da aka samu girma nesa ba kusa ba.

A ranar kasuwa yawan mutanen garin kan ninka, abin da ƙidaya ba ta iya kamawa. Daga mai tallar fura zuwa mai gidan baƙi, daga ɗan kamasho zuwa yaron da ke kora shanu zuwa wurin lodi, dubban mutane ne abincin makonsu ke rataye a kan wannan yini guda. Shi ya sa rufe iyaka a nan ya fi gaban labarin siyasa. An rufe ta a watan Agustan 2019, kuma da Gwamnatin Muhammadu Buhari ta tashi buɗewa a ranar 16 ga Disamban 2020, Maigatari na cikin ƙofofi huɗu na farko, tare da Seme da Illela da Mfum. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, takunkumin ECOWAS ya sake rufe ta, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. A watan Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar. Ko a lokutan rufewar zirga-zirga ba ta tsaya cik ba, domin iyakar fili ce fetal, babu kogi babu dutse. Abin da ya faru shi ne kaya sun bar kwalta sun koma ɓarauniyar hanya a kan babura, kuɗin dako ya tashi, masu ƙaramin jari suka fita daga harkar.

Lokacin da nisa ke zama batun rai

A harkar haihuwa ne aka fi ganin abin da rashin hanya ke jawowa. Tun 1994 masana lafiya suka kasa jinkirin da ke kashe mata masu naƙuda gida uku: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na tsakiyan aikin hanya ne da abin hawa, kuma yana shafar na farkon, domin maigidan da ya san babu mota a garin, dare ya yi, kuɗin shata kuma ya fi ƙarfinsa, zai fi saurin cewa a jira gari ya waye. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin sa'o'i biyu. Amalanken da ya taso daga ƙauye mai nisan kilomita 10 daga kwalta bai isa bakin titi a cikin wannan lokaci ba.

Binciken 2018 ya nuna cewa kimanin mace ɗaya cikin biyar ce ke haihuwa a asibiti a Jigawa. Babban Asibitin Gumel shi ne madogarar yankin, kuma masu larurar da ta tsananta akan wuce da su Jahun, inda ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF ke kula da masu haihuwa da masu yoyon fitsari tun 2008. Jihar ta yi ƙoƙarin cike wannan giɓi da shirin Haihuwa Lafiya, da kuma tsarin da aka yi da ƙungiyar direbobi, inda ake horar da direbobin haya su ɗauki mai naƙuda zuwa asibiti a kowane lokaci aka kira su. Tsari ne mai hikima, domin ya yi amfani da motar da ke akwai maimakon jiran motar asibitin da babu. Iyakarsa ita ce direban ma sai inda motarsa za ta iya shiga.

Haka batun yake a makaranta, ko da yake ba a cika ganinsa da ido ba. Firamare na kusa da yawancin garuruwa, amma sakandare sai an yi tafiya. Yaro namiji a saya masa keke ko ya taka da ƙafa. Yarinya kuwa, idan nisan ya kai awa guda ta cikin gonaki, iyaye da yawa sun gwammace ta zauna a gida.

Abin da Indiya ta yi da ƙidayarta

Bankin Duniya yana da ma'aunin da ake gwada ƙasashe da shi: kashi nawa na mutanen karkara ne ke zaune cikin kilomita 2 daga hanyar da mota ke iya bi rani da damina, wato tafiyar kusan rabin awa a ƙasa. Ma'aunin ya shiga cikin Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ƙiyasin bankin a kan Najeriya ya nuna kusan mutum ɗaya cikin huɗu ne kawai ya cika wannan sharaɗi.

Indiya, mai ƙauyuka sama da 600,000, ta tunkari irin wannan matsala ta hanyar da ta dace a duba. Ƙidayarta ba ta tsayawa a matakin gunduma. Kowane ƙauye yana da layinsa a littafin ƙidaya: gidaje nawa, maza nawa, mata nawa, akwai makaranta ko babu, bas na zuwa ko ba ya zuwa, tashar jirgi da gari mafi kusa kilomita nawa ne. A kan wannan bayani ne gwamnatin Atal Bihari Vajpayee ta ƙaddamar da shirin hanyoyin karkara a ranar 25 ga Disamban 2000. Ƙa'idarsa a fili take: duk matsugunin da ya kai mutum 500 ya cancanci hanyar da ba ta yankewa, a yankunan tsaunuka da hamada kuwa mutum 250 sun isa, kuma ana fara wa da mafi yawan jama'a. An kuma ɗora wa ɗan kwangila alhakin gyaran hanyar na shekara biyar bayan ya gama. Zuwa yanzu an shimfiɗa sama da kilomita 700,000 a ƙarƙashin shirin.

Ba a ce hanya ta warware komai ba. Wasu masana tattalin arziki biyu, Sam Asher da Paul Novosad, sun wallafa bincike a 2020 a kan ƙauyukan da suka samu hanyar da waɗanda suka rasa ta da ƙyar saboda ƙarancin 'yan mutane. Sun gano cewa motocin haya sun ƙaru, mutane da yawa sun bar aikin gona sun samu aikin lada a waje, amma a 'yan shekarun farko kuɗin shigar ƙauyukan da dukiyarsu ba su sauya sosai ba. Ga yankin da matasansa suka saba tafiya ci-rani Kano da Legas da Fatakwal da zarar an gama girbi, wannan sakamako ba baƙo ba ne: hanyar da ke shigo da taki ita ce ke fitar da majiya ƙarfi.

Abin da ya fi amfani a tsarin na Indiya shi ne ya cire zaɓen inda za a yi hanya daga hannun wanda ya fi kusa da gwamnati, ya ɗora shi a kan adadin da kowa zai iya dubawa. A nan gida, sakamakon ƙidayar 2006 da aka wallafa ya tsaya ne a matakin ƙaramar hukuma, bai sauko kan gari da ƙauye ba. Sai dai ba a rasa mafari ba. Yaƙi da cutar shan inna ya tilasta wa ma'aikatan lafiya zana taswirar kowane matsuguni a jihohin Arewa, har da rugage, da taimakon hotunan tauraron ɗan Adam, kuma shirin GRID3 ya ci gaba da wannan aiki yana ƙiyasta yawan mutanen kowane wuri. Hakimai da bulamai su ma sun san gidajen da ke ƙarƙashinsu ɗaya bayan ɗaya. Majalisar ƙaramar hukumar Sule Tankarkar ko ta Gagarawa na iya haɗa waɗannan biyun ta fitar da jerin garuruwan da suka kai mutum 500 amma suke nesa da kwalta ko burji da fiye da kilomita 2, ta liƙa shi a sakatariya kafin zaman kasafin kuɗi na gaba.